Ɗan Bakanike da Digirin Mekatroniks: Nazarin Zaɓin Kwas da Abin da Ya Biyo Baya

Yaron da wannan nazari ya shafa ɗan Kano ne, mahaifinsa bakanike ne mai gareji a wajajen Ƙofar Ruwa. Ni na koyar da shi Fiziks a sakandare, kuma da yake ni ake turo wa ɗalibai idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, na bi lamarinsa tun daga zaɓin kwas har zuwa yau da yake aiki. Na sakaya sunansa da na jami'arsa da na kamfanin da ya ɗauke shi. Abin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta shi ne, mutum uku suka yi ta ja-in-ja a kan mekatroniks, kwas ɗin injiniyanci da ya haɗa injuna da lantarki da kwamfuta, kafin a cike fom, kowa da abin da yake hangowa, kuma a cikinsu babu wanda ya san abin da ake koyarwa a kwas ɗin.

Abin da kowa ya hango

Mahaifin shi ya fi kowa ɗoki. Dalilinsa kuwa daga bakin aiki ya fito. Ya koyi sana'a a zamanin Fijo 504 da kafireta, lokacin da kunne da hanci da sukundireba suka isa a gano ciwon mota. Sai motocin Kwatano suka cika gari, Camry da Accord da Corolla, kowace da kwamfutarta da kanikawa ke kira biren-bos. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a can wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto lambar matsala. Mai mota zai zo da fitilar inji a kunne a dashbod, shi kuma sai ya aika a kira wani yaro mai na'ura, wanda zai jona waya minti biyar ya karɓi kuɗin da ya fi na wanda ya wuni a ƙarƙashin mota. Da ya ji an ce akwai karatun da ya haɗa kanikanci da lantarki da kwamfuta, sai ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. A ganinsa ɗansa zai je jami'a ya koyo gyaran biren-bos ya dawo gareji.

Kawun yaron, yayan mahaifiyarsa, tsohon ma'aikacin gwamnatin jiha ne, kuma shi ya ƙi. Ya ce shekarunsa nawa yana ganin takardun ɗaukar ma'aikata, injiniya uku ya sani a cikinsu: na gine-gine da hanyoyi, na lantarki, da na injuna. "Wannan da kuke faɗa, wace ma'aikata za a kai shi? Taura biyu ba ta taunuwa, balle uku." Shawararsa a cike lantarki zalla.

Shi kuwa yaron mutum-mutumi yake gani. Ya kalli bidiyoyin hannayen ƙarfe suna walda a masana'antar motoci, da jirage marasa matuƙi, ya ƙudurta shi ma abin da zai ƙera ke nan.

Da suka zo wurina ban zaɓa musu ba, aiki na ba su. Na ce kafin a biya kuɗin fom a tabbatar da abu biyu game da sashen da ake so: Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da shi, kuma COREN ta tantance shi. COREN ita ce majalisar da aka kafa a 1970 don kula da aikin injiniyanci a Najeriya, kuma wanda bai yi rajista da ita ba doka ba ta ba shi ikon kiran kansa injiniya ba. Iyaye da yawa ba su san da wannan tantancewa ta biyu ba sai yaro ya gama. Sannan na ce yaron ya je sashen da ƙafarsa ya nemi ɗan aji huɗu ko biyar ya tambaye shi darussan da suke yi. A Arewa akwai inda za a je: Jami'ar Bayero a Kano tana da sashen, haka Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi.

Ya dawo jikinsa a ɗan sanyaye. Ya ce, "Malam, wanda na samu ya ce lissafi ne wajen rabin abin." Na ce gaskiya ya gaya maka. Duk da haka ya cike. Ya zauna jarrabawar da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, kamar kowane mai neman injiniyanci, ya samu gurbi a ɗaya daga jami'o'in tarayya.

Shekaru ukun farko

Nan ba sai an daɗe ba. Aji ɗaya kimiyya ce zalla. Aji biyu duk ɗaliban injiniyanci tare suke zama, zanen injiniya da ƙarfin kayan aiki da tushen lantarki da wokshof. Korona da yajin aikin malaman jami'a suka cinye masa 2020.

A aji uku ne abin ya fara damunsa. Ya ga da safe yana aji ɗaya da 'yan lantarki, da rana yana tare da 'yan injuna, ga kuma darasin rubuta firogiram. Kowane ya taɓa, babu wanda ya kai zurfin masu shi. Abokinsa na lantarki ya fi shi sanin tiransifoma da layin wuta, na injuna ya fi shi sanin zafi da tururi da ƙirar giya. Ya zo hutu ya ce mini, "Malam, anya ba maganar Kawu ce ke fitowa ba?"

A nawa ganin wannan damuwa ba ta banza ba ce, kuma duk mai niyyar kwas ɗin ya kamata ya san da ita tun kafin ya shiga. An gina mekatroniks a kan faɗi. Abin da yake nasa na kansa, wanda ba aro ba, shi ne ilimin sarrafa inji: yadda sensa za ta auna abu, zafi ko nauyi ko gudu, ta aika wa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwar ta kwatanta da abin da ake so, ta umarci motar lantarki ko bawul ta gyara, sannan a sake aunawa, haka ba tsayawa. Duk lissafin da ɗan aji huɗun nan ya tsorata shi da shi, wannan kewaye yake yi wa hidima. Wanda bai kama wannan igiya ba zai fita da ɗan wannan da ɗan wancan. Shi a lokacin bai kama ba, domin a allo kawai yake ganinta. Kayan gwajin sashen ba su wadaci yawan ɗalibai ba, mutum goma sukan kewaye na'ura ɗaya, mai ƙarfin hali ya taɓa, sauran su kwafi sakamako.

Wata takwas na yajin aiki

Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ASUU ta shiga yajin aiki, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Yana aji huɗu. Abokansa wasu suka koma kasuwa, wasu suka kwanta a gida. Shi mahaifinsa ya yi wa wani Alhaji da yake kawo masa gyaran mota magana, manaja a wani kamfanin shinkafa a bayan gari, aka ce ya riƙa zuwa, ba albashi, sai abincin rana.

Ba haka kawai kamfanonin shinkafa suka yawaita a Kano a wannan tsakani ba. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Kebbi, a Agustan 2019 kuma gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa na tudu har zuwa ƙarshen 2020. Masu kuɗi suka zuba jari a casa. Injunan daga waje suke zuwa, na Indiya da na Sin, da na manyan kamfanoni irin Bühler na Suwizalan da Satake na Japan, kuma duk sabon layi da ƙwaƙwalwarsa yake zuwa. Masu walda da masu naɗa koyil ba su yi ƙaranci a Kano ba. Wanda zai buɗe akwatin sarrafawa ya fahimci abin da ke ciki shi ne ba a cika samu ba.

An haɗa shi da shugaban masu lantarki na kamfanin, dattijo mai difloma daga kwalejin fasaha, wanda ya yi aiki a masaƙa kafin ta rufe. Satin farko ba abin da ya ba shi sai bulowa da buroshi, ya share ƙurar dusa daga cikin akwatunan wuta. Yaron ya ji haushi, ɗan jami'a guda da shara. Amma a sharar nan ya fara ganin PLC, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa inji, ido da ido, ɗan akwati mai jerin ƙananan fitilu da wayoyi masu lamba. An ƙirƙiro wannan na'ura a Amurka a ƙarshen shekarun 1960, lokacin da kamfanin General Motors ya gaji da sake wayarin bangon rile, wato makunnai masu aiki da lantarki, duk sanda aka canza ƙirar mota. Shi ya sa har yau firogiram ɗinta da siffar tsani ake zana shi, yadda tsohon mai lantarki zai iya karantawa kamar zanen waya. Dattijon bai taɓa rubuta firogiram ba, amma yana bin tsanin da yatsa ya gaya maka abin da zai faru.

Wata rana injin cika buhu ya tsaya cak. Buhu na rataye a baki, shinkafa ta ƙi sauka, 'yan dako sun zauna a kan buhuna, tirela na jira a waje. Manaja har ya fara neman lambar wakilin kamfanin da ya kafa injin, wanda zuwansa kwana biyu ne da kuɗin jirgi da otal. Dattijon ya ce a dakata. Ya sa yaron ya tsaya gaban akwatin, shi kuma ya je ya kai hannu gaban sensar da ke gane an rataya buhu. "Fitilar jikinta ta kawo. Ta wajenka fa?" Yaron ya duba lambar wayar a zane, ya nemo fitilarta a jikin PLC. "Ba ta kawo ba, Oga." "To sensa lafiyarta lau, ƙwaƙwalwa ma lafiyarta lau. Saƙo ne ba ya isowa. Ɗauko mita." Suka bi wayar taku-taku, volt 24 a nan, volt 24 a can, sai a bayan wani ƙarfe suka tarar ɓera ya gwaguye ta. Minti arba'in aka tayar da inji.

A ranar ne, in ji shi, ya gane dalilin wani abu da ya haddace don jarrabawa. Na'urorin awo na masana'anta da yawa suna aika saƙonsu tsakanin miliamfiya 4 zuwa 20, ba daga sifili ba. An bar 4 a matsayin ƙasa ne domin idan aka ga sifili a san waya ce ta tsinke, ba tanki ne ya ƙare ba. Ya ci wannan tambaya a takarda shekara guda kafin nan, bai san amfaninta ba.

Daga nan ya zaɓi ƙafar da zai tsaya a kai. Ya sa manhajar kwaikwayon PLC a tsohuwar kwamfutarsa, yana rubuta tsani da dare yana kawo wa dattijon ya duba da safe. Ya koyi saita inbata mai sarrafa gudun motar lantarki. Ya zauna da mai kula da injin tsince shinkafa, wanda kyamarori ke kallon ƙwaya tana zubowa, iska mai ƙarfi ta fyaɗe baƙa da tsakuwa ta bar fara, ya gano cewa yawancin rigimar injin ba daga kyamara take ba, daga iskar kwamfuresa ce idan ta zo da ruwa. Da aka koma makaranta lokacin SIWES ya yi, wata shidan da ɗalibin injiniyanci ke yi a masana'anta a aji huɗu ƙarƙashin kulawar asusun ITF, sai ya koma wurin da takarda a hukumance. Abokan karatunsa da dama ofis suka samu inda za a sa musu hannu a littafi ba tare da sun taɓa ko sukuru ba. Na san dalilin, wuraren ba su da yawa kuma kuɗin mota ba wasa ba ne, amma wanda ya yi haka ya jefar da mafi tsadar abin da ke cikin shekara biyar ɗin.

Aikinsa na kammalawa ba mutum-mutumi ba ne. Ƙaramin injin busar da hatsi ya haɗa, mai riƙe zafi a inda aka saita shi. Karatun shekara biyar ya ɗauke shi kusan bakwai.

Neman aiki

Bayan bautar ƙasa maganar Kawu ta dawo da ƙarfinta. Ya shiga cike fom a intanet, sau da yawa idan ya zo gurbin kwas sai ya ga lantarki da injuna da sinadarai, babu nasa. Wani wurin ya zaɓi mafi kusa ya yi bayani a wasiƙa, wani wurin bai san ko an taɓa buɗe takardarsa ba. A wata ganawa mai tambaya ya ce masa, "To kai ɗan lantarki ne ko ɗan injuna?" Ya tsaya yana bayanin cewa duka biyun ne, kuma daga fuskar mutumin ya san amsar ba ta shiga ba.

Abin da muka gyara tare kaɗan ne. Muka sauko da sunan digiri ƙasa a takardar neman aikin, muka hau da abin da hannunsa ya iya: karanta zanen akwatin sarrafawa, gano matsala a PLC na Siemens, saita inbata, wata goma sha huɗu a layin casa. Idan aka sake yi masa waccan tambaya kuma ya ce shi mai kula da sarrafa inji ne, ɓangaren lantarki ya fi ƙarfi. Mai masana'anta ba sunan kwas yake saya ba, so yake idan inji ya tsaya ƙarfe biyun dare a samu wanda zai tayar.

A ƙarshe wani kamfanin shinkafa ne ya ɗauke shi, ba wanda ya yi horo ba, kuma dattijon nan ne ya yi masa shaida ta waya. Abin da ya ɗaga darajarsa a wurin lissafin aji uku ne. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, aka kuma kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan awoyi, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kuɗin makamashi ya zama abin da ke hana masu masana'anta barci. Ya lura wata babbar fanka mai zuƙe dusa tana gudu a ƙarshen ƙarfinta dare da rana, an kuma toshe rabin bututun da marfi don a rage iskar. A ƙa'ida, wutar da fanka ke ci tana sauka fiye da yadda gudunta ke sauka: idan aka rage gudu da kashi 20 cikin 100, wutar takan sauko kusan rabi. Ya rubuta wannan a shafi ɗaya, da kuɗin inbata da watannin da za ta mayar da kuɗinta, ya kai wa manaja. Aka saya, aka buɗe marfin, aka rage gudu.

Wa ya yi daidai

Kawu ya yi gaskiya a kan takarda. Tsarin ɗaukar aiki, musamman na gwamnati, bai gama sanin kwas ɗin ba, kuma yaron da ya fi son aikin ma'aikata ko kamfanin rarraba wuta, lantarki zalla ya fi masa sauƙin hanya. Har ma zan ƙara da cewa ɗan lantarkin da ya ɗauki darussan sarrafa inji da muhimmanci zai iya yin duk aikin da wannan yaro yake yi yau. Inda Kawu ya kuskure shi ne zatonsa cewa faɗin ba shi da kasuwa. Ranar da bel ya saki ko boris ya ci, ɗan mekatroniks ba ya tsayawa jiran a kira na injuna kafin ya san ba laifin waya ba ne.

Yaron ya yi kuskure a kan mutum-mutumi, aƙalla a yanzu. Masana'antun da ke kewaye da mu na shinkafa ne da roba da lemo da fulawa da siminti, aikin da ke cikinsu kula da injin da wani ya ƙera ne, ba ƙirar sabo ba. Mai son ƙira da bincike sai ya shirya wa digiri na biyu, kuma hakan na nufin ya riƙe sakamako mai kyau tun daga aji ɗaya, abin da shi bai yi ba don a shekarun farko bai ga inda karatun ya dosa ba.

Mahaifin kuwa ya samu rabin abin da ya nema, ta hanyar da bai zata ba. Jami'a ba ta koya wa ɗansa gyaran mota ba, ko awa ɗaya. Amma ranar Lahadi yakan leƙa gareji da 'yar na'urar da ya saya. An kawo wata Corolla mai nuna lamba P0171, wato iska ta fi mai yawa a cakuɗar da inji ke ƙonawa. An riga an canza mata sensar hayaƙi a wani gareji, fitila ta dawo. Ya ce, "Baba, na'urar ba ta ce sensa ta lalace ba, cewa ta yi ga abin da sensa ta gani. Mu nemi inda iska ke shiga ta ɓarauniyar hanya." Uban ya kasa kunne a kan inji yana aiki, ya bi robar iska da hannu, ya lanƙwasa ta, sai ga tsaga a ƙasanta. Shi ya gano wurin, ba ɗan ba. Tun daga nan ya daina aika a kira yaro mai na'ura, ya sa ƙaramin almajirinsa mai sakandare ya koyi jona ta.

Albashin kamfanin shinkafar bai kai abin da gidan suka yi tsammani daga injiniya ba, ga aikin dare mako bayan mako, ga ƙura. Rajistar COREN sai ya cika shekara huɗu yana aiki, don haka yana ajiye bayanin duk aikin da ya yi da sa hannun wani injiniya mai rajista. Ya tura takarda kamfanonin siminti biyu, na Obajana a Kogi da na Sakkwato, inda sashen na'urorin awo da sarrafawa yake da girma kuma akwai matakan ƙarin girma. Mahaifinsa ba ya so ya bar Kano, yana maganar su haɗa kuɗi su buɗe wurin gwajin motoci na zamani kusa da gareji. Kawu ya goyi bayan tafiyar, karo na farko da shi da yaron suka tsaya a gefe ɗaya. An kira shi jarrabawar ɗaya daga cikin kamfanonin, ya rubuta, yana jiran sakamako.